Ƙamus mai alamomin furuci ko littafin fonik?

'Yar'uwa, tunda WAEC yaron zai zauna kuma dogaye da gajerun wasulan Turanci ne ke rikita shi, ƙamus ɗin za ki saya, ki bar littafin fonik, wato mai koya wa yara karatu ta sautin haruffa, a shago.

Oxford Advanced Learner's nake da shi a gida, ya sha hannu har bangonsa ya fita, sai da na ɗinke shi da zare. Kowace kalma an rubuta furucinta a gabanta da alamomi, kuma ɗigo biyu bayan wasali na nufin a ja shi. Da shi 'yata ta gane cewa food, good da blood sauti uku ne daban, duk da oo ɗinsu iri ɗaya ne a ido. Na farko a ja shi, na biyu a taƙaita, na ukun ma ya karkata wajen "a". Ranar da ta gano quay da key furuci ɗaya ne, ta yini tana tare 'yan gidan nan tana gwada su, har babanta bai tsira ba. Irin tarkon da ake ɗana wa yara a takardar furuci ke nan.

Turancin Ingila, wanda jarrabawar ke bi, yana da wasula tilo 12, wato 7 gajeru da 5 dogaye, sai tagwayen wasula 8, wato masu haɗa sautin wasali biyu wuri ɗaya. Bahaushe bai da matsalar jin tsawo, tunda ba ma haɗa garin da ake zama da garin tuwo. Inda gizo ke saƙar shi ne ba tsawon kaɗai ya raba ship da sheep ba. A ship baki a sake yake, a sheep kuwa harshe na ɗagawa, leɓe ya buɗe kamar mai murmushi. Wannan sai da kunne. Shafin ƙamus ɗin a intanet yana furta kalmomi kyauta, ya riƙa danna muryar Ingila, ba ta Amurka ba.

Littafin fonik kam na taɓa saya, yana nan cikin kwali. Ga ɗan firamare ba laifi. Amma abin da yake kira dogon wasali shi ne irin na hope da mate, alhali a jarrabawa tagwaye ne waɗannan. Ƙara masa ruɗani kawai zai yi.

Ki kula da masu sayar da jabu, sun cika kasuwa. Za ki ga bango na sheƙi, ciki kuwa tawada ta dushe, ɗigo biyun nan sun haɗe ko sun ɓace, wani ma shafuka sun tsallake. Kafin ki biya, ki buɗe wajen sheep ki tabbatar ɗigon sun fito ƙarara. Wanda ya ce ba za a cire ledar ba sai kin ba da kuɗi, ki wuce shago na gaba.