Sintirin babbar hanya a FiveM: abin da na gani da na sa kaki

Wanda ya san GTA V da harbe-harbe da ƙwacen mota kaɗai zai sha mamakin abin da mutane suka mayar da shi a FiveM. Wasan na kamfanin Rockstar ne, ya fito a 2013, ya iso kwamfuta a 2015. Ita kuwa FiveM manhaja ce da masoya wasan suka ƙera domin kowa ya iya buɗe tasa sabar, wato filin wasa na intanet da mutane da yawa ke shiga tare, ya kafa nasa dokoki, kuma ta yi ƙarfin da a watan Agustan 2023 Rockstar da kansa ya jawo masu ita, Cfx.re, cikin gidansa. A irin waɗannan sabobi ba gasar kisa ake yi ba. Kowa ɗaukar rayuwar wani mutum yake yi ya riƙe ta da gaske: wannan makanike, wancan direban tirela, wata ma'aikaciyar motar asibiti, wani kuma ɗan fashi. Ni na zaɓi zama ɗan sandan sintirin babbar hanya a jihar San Andreas, wadda aka zana a kan siffar Kalifoniya, kuma na jima a aikin har na ga ya dace in faɗi abin da na gani.

Aikin ya cancanci lokacin mutum. Amma wanda gudun mota ya kawo shi zai gaji da wuri, don abin da ke riƙe aikin shi ne wayar oba-oba da haƙuri, totur na zuwa ne daga baya.

Sabar da nake wasa ba a faɗa mata haka kawai. Sai ka cike takarda, a yi maka tambayoyi baki da baki a manhajar hira ta Discord, ka karanta kundin dokoki mai tsawo, sannan a haɗa ka da tsohon hannu ka zauna a gefensa kana kallo kafin a ba ka mota. Abin da aka fara koya mini tsayar da direba ne. Ka samu gefen hanya ka laɓe da na'urar auna gudu, mota ta wuce ta zarce ƙa'ida, ka bi ta, ka kunna fitilu. Kafin ka buɗe ƙofa sai ka sanar a oba-oba: 10-11, wato lambar da ke nufin ka tsayar da mota, ga wurin, ga launin motar, ga lambarta, ga yawan mutanen ciki. Ka ajiye motarka a bayanta ka ɗan karkata ta wajen titi, ta zame maka garkuwa daga masu wucewa. Kwamfutar cikin mota za ta nuna maka ko lasin direban na aiki, ko ana nemansa. Daga nan sai magana, kuma nan ne daɗin yake, don mutum ne mai rai a ɗaya ɓangaren. Na taɓa tsayar da wani direban tirela kusa da garin Grapeseed, ya yi ta roƙo cewa tara za ta cinye ribar lodinsa, muryarsa har rawa take. Na yi masa gargaɗi na sallame shi. Bayan kwanaki ya gan ni a gidan mai ya danna mini ham. Babu wasan da kwamfuta ke juya mutanen cikinsa da zai ba ka wannan.

Idan direba ya ƙi tsayawa aka kira 10-80, lambar da ke nufin ana bin mota, nan ake gane rundunar da ta samu horo. Motar farko aikinta ɗaya: kada wanda ake bi ya ɓace mata. Ba ta magana sai dole. Ta biyu ce ke riƙe da oba-oba, tana faɗin titi, da inda aka dosa, da gudun da ake yi, da yawan motocin jama'a a hanya. Ta uku tana baya da tazara, idan ta gaba ta yi karo ta maye gurbinta. A wurinmu ba a yarda a wuce mota uku a layi ba sai da izinin babba. Sauran kowa ya watse, wasu su bi titin da ke kusa suna tafiya daidai da su, wasu su yi gaba su jira.

Wannan yin gaban shi ne abin da na fi so, kuma taswirar wasan ce ta sa ya yi armashi. Garin Paleto Bay yana can ƙarshen arewa, kuma manyan hanyoyi biyu ne ke sauko da mutum kudu zuwa Los Santos, babban birnin wasan. Ta yamma ita ce Great Ocean, mai bin bakin teku, ta ratsa ramin da ke ƙarƙashin barikin Zancudo ta wuce Chumash. Ta gabas ita ce Senora, mai bi ta Grapeseed da gefen Sandy Shores. Hanya mai lamba 68 ta haɗa su a tsakiya ta garin Harmony. Saboda haka idan aka fasa bankin Paleto, mai hankali ba ya ɗibar mota ya nufi Paleto. Zai tambayi kansa ta ina za su fito, ya je ya shimfiɗa ƙusoshi a inda titi ya matse, kamar bakin gada ko bakin rami, inda babu jejin da za a kauce a shiga. Ka ɓoye motar, ka kashe jiniya, ka saurari mota ta biyu tana ƙirga maka nisa. Ka jefa da wuri, direban ya hango ya kauce. Ka makara wajen janyewa, ka fasa tayoyin abokan aikinka. Gogaggun 'yan fashi su ma sun san lissafin, shi ya sa suke sauka kan burji ta gindin dutsen Chiliad ko kwazazzabon Raton, inda motar sintiri mai ƙasa-ƙasa ke shan wahala. A cikin birni kuma magudanar kogin Los Santos da ramukan ƙarƙashin ƙasa suke nema, don su ɓace wa jirgi mai saukar ungulu.

Sai dabarar da kowane sabon shiga ke ɗokin gwadawa, wato PIT. Ka matso gefen motar da ke gudu, ka daidaita gudunka da nata, ka jingina gaban motarka a jikinta daidai bayan tayar baya, ka murɗa sitiyari kaɗan zuwa cikinta kana ƙara wuta. Tayoyinta na baya sai su saki ƙasa, ta juya ta fuskanci inda ta fito. Taɗiya ce irin ta 'yan kokawa, ba bangaza ba, kuma wanda ya zo da ƙarfi ya daki bamba shi ne ke ƙarewa a jikin shinge. Dabarar daga aikin 'yan sandan Amurka na gaske aka ɗauko ta. 'Yan sandan gundumar Fairfax a jihar Virginia ne suka yi fice da ita tun shekarun 1980, kuma rundunoni da yawa a can sun taƙaita ta ga gudun da bai wuce mil 35 zuwa 40 a awa ba, saboda sama da haka tana iya kisa. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Scott da Harris, kan wani matashi a jihar Georgia da jami'i ya tunkuɗi motarsa ana tsaka da gudu, jikinsa ya shanye. Kotun ta wanke jami'in. Mai horar da mu ya kawo wannan labari a aji, kuma na yaba masa, don ya sa mun daina kallon abin a matsayin bajinta. A sabarmu ba a yi sai da izini, ba a yi wa babur, ba a yi a inda masu tafiya da ƙafa suke.

A nan kuma babbar matsalata take. Sabar tana ƙetare, ni ina nan gida, kuma kowane motsi sai ya je ya dawo. Motar da ke mil 100 a awa tana cin kusan mita 45 a daƙiƙa ɗaya. Idan jinkirin intanet ya kai milisakan 200, inda nake ganin motar da inda take a zahiri sun bambanta da kusan mita 9, tsawon mota biyu ke nan ba kaɗan. Ni a allona na taɓa ta a hankali, shi a nasa allon ya ga an yi masa karon da ya cilla shi sama, ko kuma bai ji komai ba. Daga nan sai ƙorafi, sai a kira ku gaban masu kula da saba kowa ya kawo bidiyonsa. Wannan ya sa na fi neman zama mota ta biyu ko mai ƙusoshi, inda jinkirin bai cika cutarwa ba. Ɗauke wuta ana tsakiyar bi shi ma ciwo ne, don fita ba sallama laifi ne a dokar, sai ka dawo ka yi bayani.

Akwai kuma abin da ke ɓata mini rai wanda ba ruwansa da intanet. Wasu suna shiga ne kawai don su tsokani 'yan sanda: su zo gabanka su ƙona taya, su take danja, ba labari, ba dalili, su dai a bi su. Dokar ta hana, amma ba kullum ake hukuntawa ba, musamman idan mai laifin sananne ne a sabar. Haka nan ba na jin daɗin yadda ake bai wa masu biyan kuɗin tallafi motocin tsere da babu motar sintirin da ke kamo su. Mu ma ɓangarenmu ba a rasa masu laifi: akwai jami'an da da sun ji 10-80 sai su bar yankinsu su yi ayari a bayan mota ɗaya, a bar Sandy Shores ba kowa, a cika oba-oba da surutu har mai ba da bayani ya rasa gurbin magana. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya sa har yanzu nake komawa shi ne wata mataimakiyar kwamanda da ke riƙe da aikin dare. Wani dare muna bin mota a kan Senora, laifinta gudu ne kawai, ta sauya hannu ta shiga cikin motocin da ke tahowa. Ina mota ta biyu, na faɗi halin da ake ciki. Mataimakiyar kwamandan ba ta ɓata lokaci ba ta ce kowa ya kashe jiniya ya koma bakin aiki, muna da lamba, muna da fuska, a rubuta sammaci. Wasu sun yi gunaguni. Washegari aka kama mutumin a garejin gyaran mota, aka kewaye shi, aka sa ya kashe inji, ya fito da hannu sama, ya tako da baya-baya har aka sa masa ankwa, ba a fasa ko fitila ɗaya ba. Shi kansa ya ji daɗin yadda labarinsa ya ƙare, don ya samu damar ɗaukar lauya ya je kotu.

Mai son gwadawa yana bukatar GTA V na asali a kwamfuta mai ɗan ƙarfi, don FiveM kyauta ce amma ba ta karɓar kwafin sata. Yana bukatar makirufo mai kyau, da Turancin da zai iya magana da shi cikin sauri, da wutar da ba za ta yanke masa ba. Daga Najeriya ko Nijar sabar Turai ta fi ta Amurka sauƙin jinkiri. Kafin ya cike takardar shiga, ya nemi kundin dokokin bin mota ya karanta, ya duba mota nawa aka yarda su bi a layi, da wanda ke da ikon cewa a dakata.