Kyamara ko madubin hangen nesa: wanne zai nuna maka duniyar HD 189733 b daga Zariya?

Malam, tunda kuɗin abu ɗaya gare ka, kuma burinka ka tabbatar da kanka cewa akwai ƙatuwar duniyar iskar gas mai zafi da ke zagaya tauraron HD 189733, to kyamara za ka saya. Ina da duka biyun a gida, kuma ɗaya ce kawai ta taɓa yi mini wannan aiki.

Babu madubin hangen nesa da za ka ɗora a tsakar gida ya nuna maka duniyar da idonka. Tana da nisan da haske ke shafe kimanin shekara 64 kafin ya iso mu, kuma ta manne da tauraronta ƙwarai, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita miliyan 5 ba, alhali Makyuri, wadda ta fi kowace duniya kusa da ranarmu, tana can wajen kilomita miliyan 58. Hasken tauraron ya shanye ta gaba ɗaya. Masanan da suka gano ta a Faransa a 2005 ma ba su gan ta ba. Motsin tauraron da raguwar haskensa suka auna. Hatta launinta na shuɗi, wanda aka sanar a 2013 daga ayyukan Hubble, madubin hangen nesa da ke sararin samaniya, lissafi ne ya fitar da shi, hotunan da ke yawo a intanet kuwa zanen masu zane ne.

Abin da ke hannunmu shi ne giftawarta. Duk bayan kwana 2.2 takan ratsa ta gaban tauraronta, sai haskensa ya ragu da kusan kashi 2.5 cikin 100 na tsawon lokacin da bai cika awa biyu ba. Ido ba ya gane raguwa irin wannan, amma kyamara tana ƙidaya hasken da ya faɗo mata, hoto bayan hoto. Girman gilashi ma ba shi ne sharaɗi ba, domin a 1999 David Charbonneau da Timothy Brown sun kama giftawar HD 209458 b da na'urar da faɗin bakinta bai wuce santimita 10 ba.

Madubin hangen nesa da nake da shi yana nuna ramukan wata da zoben duniyar Satan da watannin Jupita huɗu, yara kuma sun ji daɗinsa, amma a wannan fage tauraron ɗigo ne kafin giftawa, ɗigo ne bayanta.

Tawa kyamarar tsohuwar Canon ce ta hannu, da dogon gilashi mai milimita 300, a kan ƙaramar na'urar da ke juyawa tana bin taurari. A wani daren Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, na kafa ta a saman benen wani aminina can bayan Shika, inda fitilun Samaru ba sa damun sama sosai, aka kuma yi sa'a unguwar babu wuta. Na nemo gajimaren iskar gas mai suna M27 a rukunin taurari na Vulpecula, domin tauraron yana dab da shi, sannan na ɗan kauce wa saiti da gangan har ɗigon ya yi ɗan faɗi, saboda hasken ya bazu kada ya cika wuri ɗaya ya ɓata ma'auni. Daga sallar Isha'i har wajen ƙarfe 11 kyamarar tana ta ƙyas-ƙyas ita kaɗai, mu kuwa muna shan shayi muna korar sauro, mai gidan yana yi mini dariyar ɗaukar hoton abin da ba a gani. Washegari na zuba hotunan a manhajar AstroImageJ, wadda kyauta ce, na gwada hasken tauraron da na maƙwabtansa. Da farko ɗigogin sun watse kamar an zubar da gero a tabarma, amma da na haɗa su rukuni-rukuni sai layin ya sauka, ya ɗan jima a ƙasa, ya sake hawa, daidai lokacin da jadawalin giftawa ya faɗa. Aminin nawa, wanda malamin lissafi ne, ya karɓi kwamfutar ya sake lissafin da kansa kafin ya yarda.

Hanyar tana da wahalarta a garinmu. Na'urar bin taurari sai an saita ta da tauraron arewa, shi kuwa a Zariya digiri 11 kacal yake bisa ƙasa, katanga ko bishiyar mangwaro ɗaya ta isa ta tare shi, shi ya sa bene ya fi tsakar gida. Sannan lokacin da HD 189733 ke tsakiyar sama da tsakar dare ya faɗo a Yuli da Agusta, tsakiyar damina, idan kuma ka jira Disamba hazo ya rufe ko'ina tauraron ma ya riga ya karkata yamma tun magariba. Damarka tana tsakanin ƙarshen damina da shigowar hazo, kuma ba kowace giftawa ce ke faɗowa da dare ba, don haka ka duba jadawali a intanet tun da wuri, ka fara ɗauka kafin ta soma, kada kuma ka tsaya sai bayan ta ƙare da ɗan lokaci.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar madubi a Facebook da ke rubuta cewa yana ƙara girma sau 500, da hotunan duniyoyi masu launi a jikin kwali. Galibinsu gilashin roba ne a kan ƙafafun da iska ke kaɗawa. Masu sayar da kyamarar hannu ma ba a bar su a baya ba. Kada ka tura ko sisi kafin ka riƙe ta a hannunka, ka duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka haska cikin gilashin da tocila ko akwai fumfuna, ka kuma tabbatar tana adana hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da ba a matse ba, domin JPEG, tsarin hoto na yau da kullum, yana lalata ma'aunin haske.

Ka sayi kyamara ta hannu mai lafiya da gilashi mai milimita 200 zuwa 300, ragowar kuɗin kuma ka zuba shi a na'urar bin taurari da ƙaƙƙarfar ƙafa uku. Idan ka haɗa su kafin Oktoba, ka yi mini magana mu saita tare.