Deezer da tambarin waƙoƙin na'ura: inda ya yi kyau da inda yake yoyo

Tun watan Yunin 2025 manhajar sauraron waƙoƙi ta Faransa, Deezer, take manna alama a kan duk kundin da ke ɗauke da waƙar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa ɗungurungum. Idan ka buɗe shafin kundin za ka ga ɗan rubutun gargaɗi. Mai karatu a guje zai iya wuce shi, don bai da girma.

Ba tambarin ne ke cizo ba. Waƙar da aka gano ana cire ta daga jerin da ma'aikatan kamfanin ke tsarawa, kuma manhajar ba za ta sake kawo maka ita da kanta ba. Sai wanda ya neme ta da suna. Ga mai zuba ɗaruruwan waƙoƙi don cin banza, an toshe masa babbar kafa ke nan, kuma masu yin haka ba kaɗan ba ne: a Janairun 2025 Deezer ta ce tana karɓar irin waɗannan waƙoƙi kusan 10,000 a kullum, kafin Nuwamba sun kai 50,000.

Maganar kuɗi ce mutane ke yi wa gurguwar fahimta. Kuɗin masu saurare tukunya ɗaya ake zuba su, a raba gwargwadon yawan sauraro. Macuta sai su ɗora waƙar na'ura, su sakar mata asusun bogi su yi ta kunnawa dare da rana, rabon mawaƙan gaskiya ya ragu. A Yunin 2025 Deezer ta ce har kashi 70 cikin ɗari na sauraron waɗannan waƙoƙi na bogi ne, kuma wannan sauraron take zarewa daga lissafi kafin a biya.

Na'urar da Deezer ke gano waɗannan waƙoƙi da ita tana bin ƙananan tabbai ne da manhajojin haɗa waƙa irin su Suno da Udio ke bari a cikin sauti, waɗanda kunne ba ya kamawa. Nan rauninta yake. An gina ta don waƙar da na'ura ta yi gaba ɗaya, saboda haka idan mutum ya rera da bakinsa a kan kiɗan na'ura, zancen ya zama wani abu daban. Sauya sauri ko kaifin sauti ma kan rikita irin waɗannan na'urori.

Duk da haka ta fi tsarin da Spotify, wata manhajar sauraron waƙoƙi, ta sanar a Satumbar 2025, wanda ya jingina da mai waƙa ya faɗi da kansa inda ya yi amfani da na'ura. Wanda ya zo damfara kuwa ba zai cike wannan gurbin ba.