PioSolver: Manhajar da ta hana ni biye wa burgar da babu ita

Bari in fara da wanke kaina, don na san akwai masu ɗaga gira. Ba na caca. Mu shida ne muke haɗuwa daren Asabar a ɗakin wani abokin aikinmu a nan Ingila, muna buga poka, wasan kartar da kowa ke riƙe katuna biyu a ɓoye ana kuma buɗe har biyar a kan tebur, da ƙwayoyin roba marasa darajar ko sisi, wanda ya fara ƙarewa shi ke wanke kofunan shayi. Sai dai na wanke kofunan nan har na gaji, shi ya sa na sayi PioSolver, yau kusan wata takwas ke nan.

Manhaja ce ta kwamfuta mai Windows, wadda ta fito a 2015. Babban aikinta ba buga wasa da kai ba ne. Kai ne za ka ba ta labari: ga katunan da ke kan tebur, ga yawan ƙwayoyin da aka tara a tsakiya, ga irin katunan da kake jin kowane ɗayanku biyu zai iya riƙewa, ga girman zubin da aka yarda a yi. Sai ta yi ta lissafi har ta kusanci abin da masana ke kira daidaiton Nash, wato salon wasan da abokin karawa ba zai iya cutar ka ba ko da ya san shi ciki da waje. Sakamakon yana fitowa a allo mai gida 169, sha uku sau sha uku, domin haɗe-haɗen katuna biyu 1,326 da ke cikin karta 52 iri 169 ne kacal idan an tace su. Ranar farko na zura wa launukan da ke nuna abin yi a kowane gida ido kamar baƙauye a tashar jirgi.

Abin da ya fara ba ni haushi shi ne ba ta cika cewa yi kaza kai tsaye ba. Da katuna iri ɗaya za ta ce wani lokaci ka zuba, wani lokaci ka wuce. Daga baya na gane hikimar: wanda kullum yake abu ɗaya, an gama karanta shi. Yanzu agogon hannuna nake leƙawa, sandar daƙiƙa ta zaɓar mini.

Amma inda kuɗina ya fita shi ne batun katin ƙarshe, na biyar da ake buɗewa a kan tebur. Ka ce akwai 100 a tsakiya, mutum ya zuba 100. Kai za ka sa 100 don ka ci 200, saboda haka sai kana cin sa sau ɗaya cikin uku kafin amsawa, wato ka zuba daidai abin da ya zuba, ta biya. Ita ma manhajar, idan ita ce mai zubin, haka take gauraya: hannu biyu na gaske, ɗaya na burga, wato zubi da katuna marasa ƙarfi don abokin karawa ya tsorata ya ajiye. Na haddace wannan, na tafi da ƙarfina ranar Asabar, na yi ta amsa wa wani dattijon cikinmu duk lokacin da ya zuba da yawa, ina cewa ai kashi ɗaya cikin uku burga ce. Ashe bawan Allah tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa burga ba. Na sake wanke kofuna.

Laifina ne. Manhajar tana ɗauka cewa gwani take fuskanta, sai in ka gaya mata ba haka ba ne. Akwai wurin da za ka kulle halin abokin karawarka, ka ce mata wannan mutumin ba ya burga yadda ya kamata. Da na rage masa burgar kaɗan, ba ma da yawa ba, sai duk hannayena masu matsakaicin ƙarfi, waɗanda da take cewa in amsa da su wani lokaci, suka koma na ajiyewa gaba ɗaya. Wannan ya fi komai buɗe mini ido. Ba a hankali amsar ke sauyawa ba, juyawa take yi lokaci guda kamar an kife ƙwarya.

Ta kuma koya mini zaɓen lokacin burgata. Idan katuna uku 'yan gida ɗaya, wato masu alama iri ɗaya, suna kan tebur, ni kuma ina riƙe da A, katin da ya fi girma, na gidan nan, na san mutumin ba shi da mafi ƙarfin hannu a wannan gida, don katin yana wurina.

Mai shirin saye ya san abu biyu. Lissafin mutum biyu take yi, alhali teburinmu sau da yawa mutum uku ko huɗu ke kai wa tsakiyar wasa. Tun 2017 na'urar Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru a wasan mutum biyu, amma na mutum shida sai a 2019 Pluribus ta kai gare shi, ka ga wahalar ba ƙarama ba ce. Na biyu, tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai idan ka cika mata zaɓin zubi. Ni girma biyu nake ba ta a kowane zagaye, ya ishe ni.

Wanda bai iya lissafin sau nawa zai ci kafin ya amsa ba, kada ya fara da ita, takarda da biro sun fi masa. Dattijon namu kuwa har yanzu bai san dalilin da ya sa na daina amsa masa ba. Makon jiya ma sai da ya tambaye ni ko lafiya.