Wacce albasar dafodil za ka saya? Ga 'yan uwa mazauna Ingila

Duk wanda ya taɓa ganin watan Maris a Ingila ya san furen nan ruwan ɗorawa da ke fitowa ko'ina, bakin titi, randabawul, maƙabarta, gaban makaranta, kamar wani ne ya bi dare ya watsa. Shi ne dafodil, a jikin leda kuma za ka ga an rubuta Narcissus, duk abu ɗaya ne. 'Yan Wales ma shi suke maƙalawa a riga ranar 1 ga Maris. Abin da sababbin zuwa ba su cika sani ba, ni ma sai da na shekara biyu, shi ne ba a Maris ake shuka shi ba. A Satumba ko Oktoba ake binne albasarsa, ta sha sanyi a cikin ƙasa wajen wata uku zuwa huɗu, sannan ta ɓullo. In ba ta sha wannan sanyin ba, babu fure. Shi ya sa duk mai cewa a taho masa da ita Kano ko Maraɗi nake ce masa ya bar kuɗinsa a aljihu, hunturunmu bai kai ba.

To ga kakar saye ta zo, kantuna sun cika da leda-leda, kowacce da hoto mai ɗaukar ido. Hoton nan dai ba shi za ka binne ba. Abin da nake fara dubawa lambar girma ce. Za ka ga an rubuta 10/12, ko 12/14, ko 14/16, wato faɗin kewayen albasar ke nan da santimita. A manyan iri, 12/14 shi ne daidai wa daida, 14/16 kuwa sau tari kara biyu take fitarwa, to in ka lissafa kuɗin a kan fure ba a kan albasa ba sai ka ga mai tsadar ce ma ta fi sauƙi. 10/12 a babban iri ƙarama ce, za ta iya ba ka ganye zalla a shekarar farko. Amma fa a ƙananan iri 10/12 ɗin babba ce, kar a ruɗe.

Bayan lamba sai hannu. Yadda ake latsa albasa a kasuwa haka za ka latsa wannan, musamman gindinta wajen da saiwa ke fitowa, don daga nan ruɓa take farawa. Ta zama da tauri da nauyi. In ta yi laushi, ko ta yi fayau kamar ba komai a ciki, ko ka ga fumfuna shuɗiya ta mamaye ta, ajiye musu kayansu. Ɓawon da ya ɗan saluɓe ba matsala ba ne. Ni wannan karatun da kuɗina na biya shi, wata shekara a ƙarshen Nuwamba na ga wani kanti ya karya farashi, na kwaso raga biyu ina ta murna, ashe sun daɗe a cikin ɗumin hita sun gama bushewa, da Maris ya zo maƙwabciyata tana da fure ni ina da ganye kamar na dasa lawashi. Araha dai ba ta ado.

Wajen saye kuma kusan uku ne. Manyan kantuna irin su B&Q, Aldi da Lidl sun fi araha kuma ga su kusa, sai dai irin ba su da yawa kuma in za ka saya ka je tun farkon shigowar kaya. Shagunan kayan lambu sun fi tsada amma a wasu za ka samu albasar a buɗe cikin akwati, ka zaɓa ɗaya bayan ɗaya da hannunka, ni nan na fi so. Sai masu sayarwa ta intanet irin su Peter Nyssen da J. Parker's, a nan ne iri ya fi yawa kuma suna rubuta girma ɓaro-ɓaro, matsalar dai ba ka taɓawa, kuma irin da aka fi so kan ƙare da wuri. Akwai kuma buhun gauraye mai kilo 25, wannan na mai fili ne da zai watsa cikin ciyawa, mai ɗan tsakar gida irin namu me zai yi da shi? Ga shi ba ka san abin da ke ciki ba, wani ya yi fure yau wani sai bayan sati uku, wani dogo wani gajere.

Sai maganar iri, kuma a nan ne mutane ke rikicewa don ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ta kasa dafodil gida 13, sunaye kuwa dubbai. Kar ka wahalar da kanka. In a ledar ka ga hoton ɗan kofi da haruffan AGM, ƙungiyar ce ta gwada irin ta ga yana yin kyau a lambun kowa, wannan alamar tana rage caca sosai.

In gidan haya kake, ko baranda kawai gareka, wallahi ka sayi Tête-à-tête ka huta. Ɗan gajere ne, tsawonsa wajen santimita 15, kara ɗaya na iya ɗaukar fure biyu ko uku, iska ba ta kayar da shi, kuma ranar da za ka tashi sai ka ɗauki tukunyarka ka sa a mota. Wani mai lambu a Cornwall, Alec Gray, shi ya samar da shi a 1949 kuma har yau shi ne ya cika kantuna. Shi ne ma wanda ake sayarwa a ƙananan robobi a Fabrairu har ya riga ya tsiro, wanda kuɗin roba ɗaya mai albasa huɗu ko biyar zai iya sayo maka leda guda da a Satumba ka saya.

Mai ƙasa kuma da ke son babban furen nan na bakin titi, Carlton ko Dutch Master. Dukkansu sukan kai santimita 40 zuwa 45, ni na fi karkata ga Carlton don yana haihuwa, ka binne goma bayan 'yan shekaru ka ga kurmi. Ice Follies fari ne da tsakiya ruwan ɗorawa mai kodewa, shi ma ba ya ba da wahala. Thalia fari fat, yana da kyau ƙwarai, sai Afrilu yake zuwa. Masu son ƙamshi, kuma na san mu da ƙamshi, ku nemi Cheerfulness ko Pheasant's Eye, na biyun sai Mayu yake buɗewa lokacin da sauran duk sun kwanta. Wanda kuma duhun Janairu ke damu, Rijnveld's Early Sensation tun a Janairun yake fitowa. Masu fure ninki-ninki kuwa ina ɗan ja baya da su, kan ya yi musu nauyi, ruwan sama ɗaya da iska sai ka tarar da su kwance cikin taɓo.

Akwai Paperwhite, shi daban yake, ba ya buƙatar sanyi, a cikin ɗaki ake sa shi a kwano da tsakuwa da ɗan ruwa, sati huɗu zuwa shida ya yi fure. Ƙamshinsa dai yana da ƙarfi, wasu har kai yake sara musu, kuma a waje sanyin Ingila kashe shi yake.

Kafin ka biya ka tuna da ƙasar lambunka. In mai laka ce da ruwa ke kwanciya, albasar ruɓewa za ta yi, gara tukunya mai huji a ƙasa. Zurfin rami ninki uku na tsawon albasar, tsinin yana kallon sama. Kuma ka san bayan fure ya bushe dole ka bar ganyen aƙalla sati shida, kar a yanke kar a ɗaure, da shi albasar ke tara abincin baɗi, to in ba ka iya kallon ganye yana yaushi a ƙofar gida ƙananan irin sun fi maka, nasu ba ya cika ido. Kurege ma da ke tone albasar furen tulif bai cika kula wannan ba saboda tana da guba.

Gubar nan kuwa ba wasa ba ce a gidan da komai sai da albasa. Kamarsu ɗaya sak, sai dai ita ba ta da warin albasa, wanda ya ci kuma amai da gudawa ne. A 2015 har sai da hukumar lafiya ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna cewa su daina ajiye dafodil kusa da kayan miya. In ka sayo kar ta kwana a kicin, musamman in Hajiya ta zo ziyara daga gida tana taya ku girki, ka bar ta cikin ledarta mai hoto a gareji, inda yara ba sa kaiwa, har ranar da za ka binne.