Tsohuwar manhajar sauti ko sabuwa: wacce ce za ta kulle maka fayil?

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da dare, na bari sai na samu zama don kada in ba ka amsar tsaye. Ga waɗanda ba su gani ba, abin da ya ce shi ne: yana da kwamfutar hannu da aka sayo masa daga Kano, Windows 7 ce a kanta, cike take da tafsiri da karatun Alƙur'ani da tsofaffin waƙoƙin da yayansa ya kwafo daga faifan CD, ga kuma bidiyon bukukuwan gidansu. Da Windows Media Player yake saurare. Wani mai gyara a bakin Babbar Kasuwa ya ce ya kawo a sa masa sabuwa, abokinsa kuma ya ce masa kul, sabuwar tana kulle duk abin da ba saye aka yi ba. Wanne zai bi?

Kowannensu na da tasa gaskiyar, amma duk sun tsallake inda matsalar take. Kullen nan da ake kira DRM ba a jikin manhajar yake ba, a jikin fayil yake. Mai sayar da waƙa ko fim shi ke rufe fayil ɗin da lambobin sirri, sannan ya ba kwamfutarka wani ɗan lasisi da ke buɗe shi. Manhajar 'yar aike ce kawai: ta duba ko lasisin na nan, in yana nan ta kunna, in babu ta ƙi. Kamar ka sayi akwati da kwaɗo a jikinsa, mai shago ya riƙe makulli, duk sanda ka sauya ɗaki sai ka koma wurinsa ya buɗe maka. Ranar da ya tashi daga kasuwa, akwatinka na nan, kayanka na ciki, amma hannunka ba ya kaiwa.

Fayil ɗin MP3 ba a sa masa irin wannan kulle. Don haka duk tafsirin da aka turo maka ta WhatsApp ko Xender, duk karatun da ka kwafa daga kart memwar wani, da bidiyon bikin da aka ɗauka da waya, babu wata sabuwar manhaja da za ta zo ta kulle su. Ba ta ma san ko saye ka yi ko kyauta aka ba ka ba. A nan abokinka ya zarce.

Inda zancensa ke da ƙamshin gaskiya shi ne waƙoƙin nan na yayanka. Windows Media Player, idan aka ba ta faifan CD ta kwafa, ba MP3 take fitarwa ba sai an gaya mata. WMA take fitarwa, wato tsarin Microsoft na kanta. Kuma a wurin saitin kwafa akwai wani ɗan akwatin zaɓi na kare waƙa daga kwafi. Mutane da yawa sun danna shi suna zaton kariya ce daga lalacewa ko gogewa. Duk waƙar da aka kwafa alhali akwatin nan na danne, ta fito a kulle, lasisinta kuma yana ɓoye a cikin wannan kwamfutar kaɗai. Faifan naka ne, kwamfutar taka ce, amma kai ka kulle wa kanka.

Kafin a je ga wanne ya fi, duba abin da kake da shi. Buɗe jakar da waƙoƙin suke, ka mai da kallonta zuwa jerin da ke nuna suna da girma da kwanan wata. Ɗora linzamin kwamfuta a kan layin sama inda aka rubuta waɗannan kanun, ka danna ɓangaren dama, ka shiga ƙarin zaɓi. Idan Windows ɗinka na Faransanci ce nemi Protégé, idan ta Ingilishi ce, kamar yadda na Kano suka saba zuwa, Protected za ka gani. Ka sa masa alama. Sabon layi zai fito a gefe, kowane fayil da amsarsa, e ko a'a. Danna kan layin sau ɗaya, duk masu e za su taru wuri guda. Ba kowane WMA ne ke kulle ba, mai yiwuwa ma ka tarar babu ko ɗaya. In haka ne, rabin wannan rubutu bai shafe ka ba.

To, a ajiye su gefe da gefe.

Abu na farko da mai gyaran bai gaya maka ba: a kan Windows 7 babu wata sabuwar Windows Media Player da za a sa maka. Ta 12 ce ta zo da ita tun 2009, kuma daga ita lambar ba ta ƙara gaba ba. Sabuwar da ake magana, wadda sunanta Media Player kawai, ta fito ne da Windows 11 a 2022, daga baya aka kai ta Windows 10. Ke nan in ya ce zai sabunta maka, Windows ɗin gaba ɗaya zai sauya, kuma yawancin masu gyara formate suke yi, su share komai su sa sabo.

Ta fuskar fayilolin da ke kulle, tsohuwar ta fi, nesa ba kusa ba. Muddin kwamfutar na nan yadda take, lasisin na ciki, waƙoƙin za su ci gaba da tashi ko babu intanet. Sabuwar kuwa ba ta san su ba: tun sabuntawar Windows 10 ta watan Agustan 2016 Microsoft ta cire tsohon tsarin kullen WMA daga ciki. A watan Satumban 2024 kuma ta sanar da cewa tana janye hidimar tsohon DRM ɗin da Windows 7 da Windows 8 ke dogaro da ita. Ma'ana, in lasisin da ke cikin na'urarka ya ɓace yau, kada ka sa rai za ka samo wani.

Kuma ɓacewarsa ba ta da wuya. Formate na share shi. Sauya babban allon cikin kwamfuta na iya sa ya daina aiki, domin an ɗaure shi da kayan na'urar. Kwafe waƙoƙin a kile, wato filashin USB, ba ya ɗauko shi. Za ka ga fayilolin cif da girmansu, ka kai wata kwamfuta su ƙi tashi. Sauya wutsiyar sunan daga wma zuwa mp3 ba ya komai, haka manhajojin sauya fayil da yaran shagunan turi ke amfani da su, sai su tsaya su ce ba za su iya ba. A da, har zuwa Windows Media Player ta 10, akwai wurin ajiye kwafin lasisi. Da ta 11 ta fito a 2006 aka cire shi. Tun lokacin mutane suka fara tsoron sabuntawa, kuma ina jin guntun wannan tsoron ne ya iso kunnen abokinka bayan shekaru.

Ba tsoron banza ba ne. Microsoft ta taɓa buɗe kantin sayar da waƙoƙi a intanet mai suna MSN Music, ta rufe shi a 2006. A 2008 ta ce za ta kashe na'urorin da ke ba da lasisin waƙoƙin da mutane suka riga suka biya. Da surutu ya yi yawa ta ɗage zuwa ƙarshen 2011. Yahoo ma ta yi irin haka da nata kantin a 2008. Mutanen da suka bi doka suka cire kuɗinsu su ne suka shiga uku, wanda ya kwafa a ɓoye kuwa ko a jikinsa. Daga baya kamfanin Apple ya cire kulle daga waƙoƙin da yake sayarwa a iTunes a 2009. Wannan ba yana nufin haƙƙin mawaƙi ya faɗi ba. Mai waƙa da mai fim sun zuba kuɗi da gumi, kuma a nan Nijar akwai hukumar BNDA da aka kafa don haƙƙinsu. Abin da nake cewa kawai, kullen bai taɓa sa kuɗi a aljihun mawaƙin Maradi ba.

Ta fuskar abin da kowacce ke iya kunnawa, nan an raba. Tsohuwar, a yawancin nau'o'in Windows 7, tana kunna faifan DVD kai tsaye; daga Windows 8 aka cire wannan, sai ka nemi wata manhaja daban. Sabuwar tana buɗe bidiyon MKV da sautin FLAC, waɗanda tsohuwar ke ƙi sai an ƙara mata wasu kaya. Amma bidiyon wayoyin zamani masu tsarin HEVC, sau da yawa sabuwar sai ta tura ka kantin Microsoft ka sayi ƙari na kusan dalar Amurka ɗaya. Kuɗin ba yawa, to amma da wane kati za ka biya?

Ta fuskar tsaro kuwa tsohuwar ta sha ƙasa. Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya mata a lamba 109 a farkon 2023. Akwai kuma wata tsohuwar dabarar ɓarayin intanet da ta shafi zancenmu kai tsaye: su yi fayil ɗin waƙa ko bidiyo, kana kunnawa ya ce yana buƙatar lasisi ko wani ƙari, ya buɗe maka shafi, kana saukewa ƙwayar cuta ce. Idan wani fayil da aka turo maka ya yi haka, goge shi, kada ka bi.

Sai dai sabuwar ma ba kyauta take zuwa ba. Windows 11 na son aƙalla giga 4 na RAM, giga 64 na wurin ajiya, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda yawancin kwamfutocin zamanin Windows 7 ba su da shi. Masu gyara na da hanyar tsallake wannan sharaɗi, amma na'urar kan koma tafiyar hawainiya. Windows 10 ta fi sauƙi a kanta, ita ma dai an daina kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025. Ga kuma cin data: sabuwar Windows ba ta gajiya da saukar da sabuntawa, ka sayi na mako ta cinye maka a dare ɗaya in ba ka saita ta ba.

Akwai ta uku da babu wanda ya ambata maka, kuma ita nake sa wa mutane: VLC. Ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa, École Centrale Paris, suka faro ta a 1996, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001, yanzu ƙungiyar VideoLAN ke riƙe da ita. Ba ta neman rajista, ba ta talla, nauyinta bai wuce mega arba'in da wani abu ba, kuma VLC mai lamba 3 tana aiki tun daga Windows XP har 11. MP3, MKV, FLAC, HEVC, DVD, duk tana ci. Ba sai ka cire tsohuwar ba, suna zama tare lafiya. Abu guda ne ba ta yi: ba ta buɗe WMA mai kulle. Kada wani ya ce maka tana fasa shi. Ka sauke ta daga shafin VideoLAN na ainihi, ko ka karɓa daga hannun wanda ka yarda da shi, domin akwai na jabu masu ɗauke da tarkace.

Waya kuma wani zance ne daban, tunda na san wani zai tambaya. Abin da ka sauke a cikin Spotify ko Netflix a kulle yake tun asali, ba ya fita daga manhajar, ba ka iya tura shi ta Xender. Spotify ma sai ka leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da ka sauke ya daina tashi. Haya ce, ba saye ba. A nan ƙin sabuntawa ba ya tsare maka komai, tsohuwar manhajar ce ma za ta wayi gari ta daina aiki.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Kada kwamfutar nan ta je hannun mai gyara sai ka gama da masu e ɗin nan. Idan faifan asali na nan wurin yayanka, aiki ya yi sauƙi: shiga saitin kwafa, zaɓi MP3, ka sake kwafa, shi ke nan. Idan faifan sun ɓace ko sun karce, sayi faifan CD marasa komai, ka sa tsohuwar manhajar ta ƙona waƙoƙin a matsayin faifan sauti, irin wanda rediyon mota ke ci, ba faifan ajiyar fayil ba. Kowane faifai na ɗaukar kimanin minti 80. Daga nan ka kwafo su a matsayin MP3. Sautin zai ɗan ragu kaɗan, amma a lasifikar gida da wuya kunne ya kama. Idan wurin faifan kwamfutar ya mutu, saura hanya mai cin lokaci: ka kunna waƙar, manhaja irin Audacity tana ɗauka, waƙar minti biyar ta ci minti biyar. Ka yi shi lokacin da batir ke cike, kada wuta ta ɗauke a tsakiya.

Bayan nan ka kwafe komai a wuri biyu, kile ɗaya da wani faifan ajiya na waje, ka gwada su a kwamfutar wani ka ji sun tashi da kunnenka. Sannan a yi zancen sabuntawa. Idan aikin na'urar bai wuce saurare da kallo a gida ba, bar ta a Windows 7, sa mata VLC, ka raba ta da intanet, kuɗin gyaran ya zauna a aljihunka. Idan kuwa da ita kake buɗe imel, ko cike takardun makaranta, ko harkar kuɗi, to zamanta a haka kasada ne, sai a duba ko za ta ɗauki sabuwa ko tara kuɗin wata za ka fara.

Turo mana hoton layin nan na Protégé, da kuma na shafin da ke nuna RAM da irin injinta, in gaya maka wacce Windows ce za ta iya ɗauka.