Kwas ɗin ruwa da tsafta na intanet: abin da ya amfane ni a Nima

Mu da muke aikin sa-kai a Nima da Mamobi, unguwanni a birnin Accra na Ghana, kwalarar 2014 da ambaliyar 3 ga Yuni 2015 su suka nuna mana cewa zuciya kaɗai ba ta tsabtace ruwa. Shi ya sa da aka turo min wani kwas na kyauta na masu aikin ruwa da bayan gida da tsafta a lokacin bala'i, na zauna na yi shi a waya har ƙarshe.

An gina shi ne a kan littafin Sphere, bugun 2018, kundin da ƙungiyoyin agaji ke auna aikinsu da shi. Ƙa'idojin a fili suke: ruwa lita 15 ga kowane mutum a rana, famfo kada ya wuce mita 500 daga gida, layi kada ya haura minti 30, bayan gida ɗaya ga mutum 20. Wannan fa na sansanin 'yan gudun hijira ne. Ka je ka ƙirga masu tsayuwa da asuba a bakin banɗakin kuɗi na unguwarmu, ko yaran da ke jan galan ɗin Kufuor, manyan jarkokin nan masu launin rawaya, ranar da famfo ya ɗauke. Ba yaƙi, ba girgizar ƙasa, amma ko ma'aunin gaggawa ba mu cika ba.

Darasin kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, shi ya biya ni. Yawancinmu da ka muke zuba magani, mai tanki ya sunsuna ya ce ya isa. A nan sai aka nuna yadda ake jera bokitai masu ruwa daidai wa daida, a ɗiga wa kowanne maganin da sirinji, wannan ya ɗara wancan, a jira minti 30, sannan a ɗebi ruwan kowane bokiti a ɗan akwatin gwaji a jefa ƙwayar DPD, wadda ke nuna yawan kulorin da ya rage a ruwa. Ruwan ya koma ruwan hoda, ka gwada launin da ma'auni, kana neman kulorin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. In ruwan ya yi duhu da laka, sai ya kwanta tukuna, in ba haka ba asarar magani ce. Na gwada a tankin makarantar allonmu. Malam yana tsaye a kaina ya ce, “Hajiya, yanzu wannan 'yar ƙwayar ce alƙali?” Na ce, “Allah gafarta Malam, ita ce, hancin mai tanki ya huta.”

Inda ya gaza kuwa, komai da Turanci ne mai nauyi, bidiyo kuma yana lashe data. Misalan duk na fili ne mai tantuna, inda za ka haƙa masai mita 30 daga rijiya. A lungun Nima ina wannan filin? Maganar buta da alwala ma a gurguje aka wuce ta, alhali Sphere kansa ya ware wa masallaci lita 2 zuwa 5 ga kowane mutum a rana.

Ma'aikacin asibiti ko ɗan sa-kai mai jin Turanci ya yi shi, akwai takardar shaida a ƙarshe. Amma ya tanadi ƙwayoyin DPD da akwatin gwajin kafin ya fara, don kallon bidiyo ba zai koya wa ido bambanta launin ba.